Saƙon Baba Zuwa Gidan O'Sullivan

Tun da na dawo daga Maleshiya ban huta da tambaya ba. A masallaci, a wajen ɗaurin aure, har a layin shan mai sai wani ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Sanusi, wai da gaske ne can ko ƙuda babu?" Akwai ƙuda, jama'a, har da sauro mai zane a ƙafa. 'Yan majalisarmu ta bakin shagon tela kuwa sun rantse ba za su ƙara saya mini shayi ba sai na ba su labari daga tushe. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska. Amma wanda yake jiran labarin dogayen benaye ya nemi hoto a waya. Ni labarin wani saƙo zan bayar, wanda ya fi digirin da na je nema nauyi a wuyana.

A shekara ta biyu ta korona aka ba ni tallafin ƙaro karatu, daga kwalejin fasahar da nake koyarwa a Kano. Ana gobe zan tashi na je Bichi yin sallama da mahaifina, Alhaji Habu, tsohon malamin koyar da aikin ƙarfe, ya doshi saba'in. Bayan ya gama yi mini addu'a sai ya zura hannu ƙarƙashin buzu ya ciro wani ƙunshi a farin ƙyalle. Na buɗe, na ga ƙaramin awartaki, irin wanda maƙera ke riƙe jan ƙarfe da shi, sabo fil, da hannunsa ya ƙera.

Ya ce, "Ka kai wa Mista O'Sullivan."

Sunan ba baƙo ba ne a gidanmu. Baturen Ayalan ne da ya koyar da Baba a makarantar sana'a tun yana yaro. Mun sha jin sunan har mun daina saurara.

Na ce, "Baba, Maleshiya fa za ni. Gabas ce can ƙurya. Ayalan tana bayan Ingila. Ku da kuke nan Bichi kun fi ni kusa da shi."

Ya ce, "Kada ka koya mini taswira, shekara talatin ina riƙe da alli. Ni ba ni da fasfo, kai kana da shi. Wanda ya fita ya fi na ɗaka kusa da kowa."

"To adireshi fa?"

"Matambayi ba ya ɓata." Sannan ya sassauta murya. "Mutumin nan ya tafi muna hutu, ban yi masa godiya ba. Shekara hamsin maganar tana nan a maƙogwarona. Ba na so a binne ni da ita, Sanusi."

Na karɓa da hannu biyu. A zuci kuwa cewa nake rigimar tsufa ce, in na dawo sai in ce na nema ban samu ba. Allah ya yafe mini, amma abin da na ƙudurta ke nan.

Lokacin an hana jiragen ƙetare tashi daga Kano, sai da muka bi mota zuwa Abuja. Direbanmu bai yarda akwai korona ba, tun daga Kwanar Dangora yake mana lacca cewa cutar manya ce, amma duk shingen da muka tunkara shi ke fara ɗaura takunkumi. A Abuja aka yi mini gwaji, aka ce sakamako zai fito cikin kwana guda. Bai fito ba sai da ina kan layin auna kaya, gumi ya jiƙa ni har singileti. A cikin jirgi kuma aka haɗa ni kujera da wata baiwar Allah mai takunkumi biyu da rigar ruwa. Kuskure ɗaya na yi, na buɗe jakar hannu, ƙullin yajin da matata ta cusa mini ya bugi hancina, na saki atishawa uku a jere. Wallahi sai da matar nan ta feshe ni da maganin hannu tun daga hula har takalmi.

A Kuala Lumpur ba mu ga fuskar mutum ko ɗaya ba. Duk ma'aikatan sun shige cikin fararen kayan roba, ido kawai ake hangowa. Aka zura mini tsinken gwaji a hanci har sai da na ga taurari, aka ɗaura mini awarwaron roba a hannu kamar jariri a asibiti. Daga nan sai kwastan. Kilishina suka fara kwashewa, na bi shi da ido ina salati. Sai na'ura ta nuna ƙarfe. Jami'in ya ɗaga awartakin Baba da yatsu biyu, ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan.

Na ce, "Kayan ado ne, na ratayawa a bango."

Ya juya shi, ya ce, "Boleh." Kalmar farko ke nan da na koya a ƙasar, wato babu laifi, wuce.

Bari in faɗi gaskiya a kan wannan ƙaryar, tun da na ɗauki alƙalami. Mu maƙera ne, kaka da kakanni. A firamare yara na tsokanata da "ɗan baƙin hannu," abin ya zauna mini a rai. Da na girma, in aka tambaye ni aikin mahaifina sai in ce injiniya ne mai ritaya, in ja bakina in yi gum. Ko a gaban mutumin da ba zai sake ganina ba har abada, ban iya cewa kayan aikin gidanmu ne ba.

Mako biyu aka killace ni a otal. Ɗaki ɗaya, taga ba ta buɗuwa. Sau uku a rana za a ajiye abinci a kan kujera bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, kafin ka buɗe mai ƙwanƙwasawar ya ɓace kamar aljani. Da safe shinkafa, da rana shinkafa, da yamma ma ita ce. Ta safen sunanta nasi lemak, da madarar kwakwa ake dafa ta, a zuba gyaɗa da ƙananan kifi da wani jan yaji a gefe. Na ga yaji na yi murna, na kai loma, ashe sukari suka zuba a ciki. Haba jama'a, sukari a yaji! Abu na biyu da ya ruɗa ni shi ne salla. Na shimfiɗa darduma na fuskanci inda rana ke fitowa kamar yadda na saba, kwana biyu cur, sai a rana ta uku na ɗaga kai na ga kibiya a jikin rufi tana nuna akasin haka. A can alƙibla yamma take. Na rama sallolina ina yi wa kaina faɗa.

Da aka sake ni, Malam Nazifi ya zo ya ɗauke ni. Ɗan Fagge ne, shekararsa ta biyar ke nan yana digiri na uku, kuma babu abin da bai sani ba a duniya in ban da ranar da zai gama. A unguwar Danau Kota yake, hawa na goma sha bakwai, shi da matarsa Maman Hanif, ya kama mini ɗaki a benen da ke kallon nasu. Hausarsa ta riga ta sha ruwan ƙasar.

"Malam, relax lah, ka zo gida. Mu je mu makan tukuna, sauran bayani ya biyo baya."

Makan shi ne cin abinci, kuma mutanen ƙasar da shi suke gaisawa. Mu sai mu tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi, su tambaya ɗaya ce, ka ci abinci? Na ga hikimar abin, don wanda ya ci, sauran duk da sauƙi. Ba sa nuna abu da ɗan-ali, sai da babban yatsa. Sunansu kuwa irin namu ne sak, wane ɗan wane, mace ba ta ɗaukar sunan miji. Akwai shagunan abinci na Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, mai shayinsu yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa kamar na bakin tashar Ƙofar Ruwa. Sai dai lokacin an hana zama, sai ka yi tapau, wato a ƙulle maka ka tafi da shi. Ranar da Maman Hanif ta kaɗa miyar kuka da daddawar da na tsallake kwastan da ita, maƙwabciyarsu ta buga ƙofa wai ko wani abu ya mutu a bututu. Ita da take soya wani markaɗaɗɗen jatan-lande da ke tayar da bene guda!

Ba a jima ba aka sake kulle gari, karatu ya koma ta kwamfuta. Akwai darasin rubutun bincike da aka wajabta wa sababbi. Ranar farko na kunna, ina kurɓar shayi, sai ga wata Baturiya mai gilashi da furfura jefi-jefi. Na dubi ƙasan hotonta, na ga an rubuta Dakta O'Sullivan. Shayin nan sai da ya sarƙe ni. Ban ji ko kalma ɗaya daga darasin ba. Ni da na shirya ƙarya tun daga Bichi, ga sunan ya biyo ni har cikin ɗaki.

Ana tashi na ruga wajen Nazifi. Na ba shi labarin saƙon, amma na ce tsaraba ce kawai daga injiniya zuwa injiniya. Ya jawo kwamfuta ya buga sunan. Sai ga jeri ya zubo, ana ja ba ya ƙarewa. Wannan minista, wancan ɗan majalisa, wannan sanata, ga marubuta littattafai, ga mawaƙa, ga 'yan jarida, wasu a Ayalan, wasu a Amurka, wasu har Ostareliya. Maza da mata, na da da na yanzu, duk O'Sullivan.

Nazifi ya cire gilashi ya dube ni. "Malam, ka san abin da ka taka kuwa? Wannan ai gidan sarauta ne. Gidan mulki da alƙalami. Serious family lah! Ka duba, a Kano in ka ji sunan babban gida ai ka san tsatso ɗaya ne. Matar nan 'yar gidan ce, malamin Babanka kuma ko baffanta ne ko kakanta."

Kaina ya kumbura nan take. Ashe ubana ɗan gidan ministoci ne ya koyar da shi! Na ce bari in tura mata saƙo yanzu.

Ya riƙe mini hannu. "Kai, ba ka da hankali? Babban gida ake yi wa tes? Zuwa da kai ya fi saƙo. A bari a buɗe gari mu je da ƙafarmu, da manyan kaya."

Na kira Baba ina rawar jiki, na ce masa na gano gidan, kuma gidan ministoci ne da marubuta. Ya ce, "Anya?" Na ce wallahi ga shi a rubuce. Ya ce, "To. Allah ya sa." Na ajiye waya ina jin haushin yadda bai yi murna ba.

Wata uku muna jiran a buɗe gari. A cikin jiran nan ne ƙanwata ta kira ta ce an kwantar da Baba a asibiti a Kano, ƙirji ya riƙe, numfashi sama-sama. Ba hanyar dawowa, in na fita ba za a bar ni in sake shiga ba, kuma ko na je ba a barin kowa kusa da shi. Na zauna a hawa na goma sha biyu ina kallon awartakin nan a kan tebur. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ba mutuwar kawai ba, kowa zai mutu. Tsorona kada ya tafi da maganar a maƙogwaro, alhali saƙon yana hannuna ina jiran ranar sa babbar riga. Kwana tara ya yi, Allah ya tashi kafaɗarsa. Ranar da aka sallame shi na tura wa Dakta saƙo ba tare da na shawarci Nazifi ba, na ce ina neman ganinta kan maganar gida. Ta ce da zarar an yarda a zauna a gidan abinci, mu haɗu a Brickfields.

Ranar ta zo. Nazifi ya yafe mini, amma bai yafe manyan kaya ba. Muka saka 'yar ciki da babbar riga malum-malum, shadda mai sitaci, a garin da ko singileti nauyi take yi. Muka hau jirgin ƙasa, takunkumi a fuska, mutane na matsa mana suna ɗaukar hoto a sace. Kafin mu isa sitacin ya narke, rigunan sun manne mana a baya. Brickfields unguwar Indiyawa ce, ƙamshin turare da furanni ko'ina. Muka same ta a wani ƙaramin gidan abinci inda ake zuba shinkafa a kan ganyen ayaba. Babu direba, babu ɗan sanda. Wando da riga ne a jikinta, da silifas, da lema a gefe. Nazifi ya raɗa mini, "Ka ga 'ya'yan manya na gaske, ba sa nunawa."

Bai ko zauna ba ya fara jawabi da Turancinsa na taro. Ya ce mun zo ne a madadin dattijo daga Arewacin Najeriya, mu kawo gaisuwa ga gida mai daraja, gidan da ya haifi ministoci da sanatoci, gidan da alƙalaminsa ya zagaye duniya. Ya fara lissafo su ɗaya bayan ɗaya daga takardar da ya rubuto. Na ga kafaɗun matar suna rawa. Na zaci kuka take. Ashe dariya ce, har gilashinta ya yi hazo, ta cire tana gogewa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ku yi haƙuri, don Allah. Ubana direban motar madara ne. Duk waɗannan da ka karanta, ban haɗa komai da ko ɗayansu ba, su ma yawancinsu ba su san juna ba. A yankinmu in ka tsaya a kasuwa ka kira O'Sullivan, rabin kasuwar ne zai waiwayo, har da mai sayar da kifi."

Ta bayyana mana cewa sunan wani kaka ne na can can da, shekaru ɗaruruwa, zuriyarsa ta bazu har ba a ƙirgawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ma ai da sunan garinmu nake ƙarewa a takarda, kuma ban taɓa ɗauka duk mai wannan sunan ɗan ɗakinmu ba ne. Kwaɗayin babban gida ne ya rufe mini ido. Nazifi ya ninke takardarsa a hankali ya ce, "Malam, network ne ya yaudare mu." Na harare shi.

Na fara tattara riga zan tashi. Sai ta ce in nuna mata saƙon. Na warware ƙyallen. Ta ɗauki awartakin ta buɗe ta rufe, ta ce wa ya yi wannan, kuma me ya sa wannan ne tsarabar?

Ga Nazifi a zaune, wanda na gaya wa ubana injiniya ne. Na dubi ganyen ayaba, na dubi fanka. Sannan na ce, "Mahaifina ne ya ƙera. Mu maƙera ne."

Nazifi bai ko ɗago daga shinkafarsa ba. Ya ce, "To sai me? Mu ai mahauta ne." Shekara nawa ina ɓoyon abin da ko loma bai hana mutum kaiwa ba.

Dakta ta gyara zama. Ta ce a wajensu, tun da sunan ya yi yawa, ba da shi ake neman mutum ba, da laƙabin gida ake nema. Akwai O'Sullivan Ja, akwai Fari, akwai na masu yin ganga, akwai na bakin kogi. In ba ka san laƙabi ba, ko ɗan aike ba zai kai maka wasiƙa ba. Na ce ai haka muke, Musa Dogo da Musa Mai Shayi. Ta ce to kira Babanka ka tambaye shi, malamin nan ya taɓa faɗin sana'ar gidansu?

Can gida hantsi ne. Na kira, na buɗe murya kowa na ji. Na ce, "Baba, na yi kuskure. Ba gidan ministoci ba ne."

Ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da tari. "Ai na sani. Ɗan minista ba ya riƙe masaba haka. Na bar ka ne ka gama zumuɗinka."

Sai ya ba da labarin da ban taɓa tsayawa na ji ba. Yana aji biyu kakanmu ya cire shi daga makaranta, ya ce babu mai ja masa zuga-zugi, kuma boko lalata yara yake. Bayan mako guda sai ga Bature a kan babur har ƙofar maƙera. Bai yi wa kaka wa'azin ilimi ba, bai ambaci hukuma ba. Ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga, ya zauna a ƙasa, ya roƙi a ba shi masaba. Baba na zuga wuta, shi da kaka suna dukan ƙarfe bi da bi, tun azahar har la'asar sakaliya, suka fitar da ruwan garma guda. Kaka ya juya garmar nan ya duba, ya tambaye shi inda ya koya. Ya ce a maƙerar ubansa, shi ma ɗan maƙeri ne, kuma shi ma an so cire shi daga makaranta. Kaka ya ce, "Wanda ya san wuta haka ba zai lalata mini ɗa ba. Habu, ɗauko akwatinka."

Na fassara wa Dakta labarin. Wallahi ban taɓa jin girman gidanmu irin na ranar ba, a cikin jiƙaƙƙiyar riga, a gaban ganyen ayaba. Dakta ta buga tebur ta ce, "Na Maƙera! Akwai su. Wannan aikin mahaifiyata ne."

Mahaifiyarta tsohuwa ce mai shekara tamanin da wani abu, kulle ya tsare ta a gida ita kaɗai da wayar tarho. Irin gwaggonnin nan ne da suka san wa ya auri wa tun kafin a haife ka. Kullum sai ta saurari sanarwar rasuwa a rediyo, kamar dai tsofaffinmu, don kada a yi jana'iza ba ta sani ba. Ta karɓi aikin nan hannu bibbiyu. Ta kira wata ƙawarta, ƙawar ta kira matar wani mai shago, ita kuma ta tura ta ga wani tsohon ɗan aike. Sau biyu ana samo O'Sullivan na Maƙera amma ba shi ba, ɗaya bai taɓa barin ƙauyensu ba, ɗaya kuma Kenya ya je. Duk Juma'a in na kira Baba, bayan gaisuwa na san abin da yake jira, in ce ana nan ana nema. Sai a wata na biyar Dakta ta kira ni ana tsakiyar ruwan sama. Ta ce, "An same shi. Yana da rai."

Yana gidan kula da tsofaffi, bai taɓa aure ba, 'yar ƙanwarsa ce ke duba shi. Tunaninsa yana zuwa yana tafiya. Da aka buɗe iyakoki Dakta ta je gida hutu, ta tafi da awartakin a jakarta, ta kai masa hannu da hannu. Ta ce ya daɗe yana jujjuya shi, bai gane daga wa ya fito ba, amma ya ce haɗin ya yi kyau, sai dai hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo kaɗan. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Shi ne! Wallahi shi ne! Bai taɓa ba ni goma bisa goma ba." Amma daga baya ya ce ƙarfe ya isa hannunsa, godiyar ba ta isa kunnensa ba.

Na kammala karatu, na yi sallama da Danau Kota. Maman Hanif ta cika mini jaka da tsaraba, Nazifi ya raka ni filin jirgi yana ce mini shi ma saura ƙiris, in sha Allahu. Wannan karon babu tsinke, babu awarwaro, kuma a Kano muka sauka. Kwana huɗu da dawowata 'yar ƙanwar malamin ta aiko cewa ranar Talata za ta je wajensa, in ya tashi da sauƙi za ta kira ta bidiyo. Ta gargaɗe ni kada mu sa rai da yawa, wani lokacin ita ma ba ya gane ta.

Ranar Talata tun azahar Baba ya yi wanka ya sa fararen kaya kamar za shi Idi. Ya haddace jawabi da Turanci, na ji shi yana bita a ɗaki. Muka zauna a soro, shi a kujera saboda ciwon gwiwa, ni ina riƙe da waya, ƙannena sun cika bakin ƙofa. Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Sai ga wani tsoho fari fat, siriri, an lulluɓa masa bargo a cinya.

Baba ya dafa bango ya miƙe tsaye. Na ce ya zauna saboda ƙafar, ko kallona bai yi ba. Ya mayar da hannuwansa baya, ya tsaya ƙyam. Ya buɗe baki, Turancin da ya haddace ya gudu gaba ɗaya.

Tsohon ya ƙura masa ido. 'Yar ƙanwarsa ta sunkuya ta faɗa masa sunan Baba a kunne. Bai motsa ba. A zuci na ce shi ke nan, mun makara.

Baba ya ce da Hausa, "Malam, Habu ne. Habu na maƙerar Bichi, mai zuga-zugi. Ka zo gidanmu a babur. Na gode, Malam. Na gode. Na yi karatu, na koyar, 'ya'yana tara duk sun yi karatu. Na gode."

Tsohon ya ɗaga hannu kaɗan daga kan bargon, ya ce da wata tsohuwar Hausa mai tsatsa, "Habu. Sannu da aiki. Zauna."

Sai da ya faɗa sau biyu sannan Baba ya zauna, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya karɓe wayar daga hannuna, ya juya ta ta fuskance ni, ya ce, "Malam, ga jikanka. Shi ya kawo saƙon. Sanusi, gaida kakanka."

Na zube a ƙasa na durƙusa a gaban waya, da digirina da komai, a gaban ƙannena, na ce, "Barka da yamma, Kaka."